Da Muka Ajiye Mudu Muka Ɗauki Fartanya

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ɗan kasuwar hatsi, ya gabatar a taron wata-wata na Hausawa mazauna Dukku, gab da faɗuwar damina. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa.)



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamanmu, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da iyayenmu mata da ke sauraro daga bayan zana, barkanku da yamma, barkanku da zafi. Muna godiya ga Allah da Ya sake nuna mana wata bazarar da rai da lafiya.

Da sakatare ya aiko da takarda cewa mu ne za mu yi magana a kan noman lambu, sai da muka sa yaron ya sake karantawa, don mun ɗauka ɓatan gida ya yi. A zauren nan akwai waɗanda tun suna goye suke zuwa gona. Mu kuwa shekara talatin da 'yan kai muna zaune a rumfa, abin da muka sani shi ne mudu da tiya da buhu da basilla. Dawa da gero da wake sun bi ta hannunmu ba iyaka, amma ba mu taɓa shuka ko ƙwara ɗaya ba. Sakatare ya ce ai dalilin ke nan. Gwanin noma ya manta yadda ake kuskure, kuma galibin 'yan ƙungiya irinmu ne, masu tebur da masu shago da direbobi da teloli. To shi ke nan, muka karɓa. Damina biyu kacal gare mu a wannan aiki, ta 2024 da ta 2025, saboda haka wanda ya ji mun yi ɓaranɓarama ya gyara mana in mun gama.

Abin da ya kai mu ga fartanya kowa ya san shi, don a gidansa ma ya kwana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk abin da mota ke ɗaukowa ya tashi, kuma kayan miya na gaba-gaba. Kuɗin cefanen da a da ake yin miya har a miƙa wa maƙwabta, ya koma yaro ya je kasuwa ya dawo da tumatir huɗu a leda yana riƙe da su kamar ƙwai. Daɗin daɗawa, ga halin da ƙasar Rijau da Mariga da Magama suka shiga na rashin tsaro. Gonakin da ke bakin daji, waɗanda ake samun kuɓewa da yakuwa a gefensu kyauta, da yawa an daina zuwa, wanda ya je kuwa rabin hankalinsa yana kan hanya. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Wata rana uwargida ta ce mana, "Malam, filin nan na bayan gida da muke zubar da toka, ba zai yi mana ko alayyafo ba?" Muka je muka auna, taku 12 a faɗi, taku 20 a tsawo. Rabi namu ne, rabi na maƙwabcinmu, wani dattijo daga cikin Dukkawa, wanda mahaifinsa ne ya ba mahaifinmu wurin zama. Muka gaishe shi, muka roƙi aro, ya ce mu yi ta nomawa. Ku riƙe maganar wannan dattijo, za mu dawo gare shi.

Kuskurenmu na farko, ruwan farko. A cikin Afrilu hadari ya haɗo da la'asar, aka yi iska, aka yi ruwa mai ƙamshin ƙasa, yara na ta tsalle a tsakar gida. Kashegari da asuba muka fita da iri muka zuba duka. Dattijon nan ya zo wucewa, ya tsaya, ya dube mu, ya ce, "Alhaji, har ka shuka?" Muka ce ai ruwa ya sauka. Ya yi murmushi ya wuce abinsa. Kwana huɗu iri ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke fiye da mako biyu, rana ta buɗe irin ta bazara, tsiron nan ya kwanta ya bushe kamar an bi shi da wuta. Da muka je masa jaje da kanmu, sai ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu ya nuna mana. Sama-sama ce ta jiƙa, ƙasa da yatsa uku busasshiya ce ƙurmus. Ya ce su ba sa shuka sai sun tona kamar taƙi guda sun tarar da laima, kuma ko sun ga shamuwa ta iso, sai ruwa ya yi na biyu da na uku a kusa da juna. A nan ƙasar ruwa kan fara leƙowa a Afrilu, amma bai cika zama ba sai cikin Mayu. Bayan haka yaronmu na makaranta ya nuna mana cewa hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da take sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki, da inda za a iya samun tsaikon ruwa. Ana faɗa a rediyo, akwai kuma a waya. Hasashe ne dai, sanin gaibu sai Allah, amma ɗan kasuwar da ke tambayar farashin Kontagora kafin ya yi lodi bai kamata ya raina labarin ruwa ba. Wanda ke da rijiya a gida, kuma yana da mai ja masa guga safe da yamma, shi yana iya riga damina. Wanda ba ya da ita ya haƙura, ko kuma ya raba irinsa biyu ya ɓoye rabi.

Na biyu, sayen iri da dashe. Nan ne kunya ta fi kama mu, don a fagenmu aka kayar da mu. Mun je Kontagora sayayya, muka ce bari mu sake sayen iri tun da na farko ya ƙone. Mu da muka san yadda ake jera tebur, mai kyau a sama, na jiya a ƙasa, sai ga mu tsaye gaban mai kayan gona kamar baƙauye ranar sallah. Duk ledar da muka ga hoton tumatir ja wur a jikinta muka ɗauka. Ba mu duba kwanan wata ba. Ba mu lura cewa ledojin a rataye suke a rana tun safe ba, alhali iri abu ne mai rai, zafi na kashe shi. Daga cikin leda shida, biyu ko ɗaya ba su tsiro ba. Ba za mu kama suna ba, don wataƙila shi ma haka aka sayar masa.

Ga abin da muke yi yanzu, kuma ba ya cin ko kwabo. Kafin ka shuka, ƙirga ƙwara 10, ka sa a tsumma mai laima ko guntun buhun algarara, ka naɗe ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kamar mako guda ka buɗe. In 8 sun tsiro, irinka na da kyau. In 3 ne ko 4, to ka san ka yi asara tun ba ka ɓata kunya da taki ba. Ku duba kwanan wata a jikin leda. Ku duba ko akwai tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa. Irin albasa musamman ba ya son kwana, in ya shekara yawancinsa ya mutu, mutanen Yawuri da Aliero za su gaya muku haka. In kun ga an rubuta F1 a leda, wannan irin aure ne, yana ba da amfani sosai a shukar farko, amma in ka ajiye 'ya'yansa ka sake shukawa ba zai fito kamar uwarsa ba, dole kowace shekara ka saya. Sa'annan irin da kuka ga an rina shi ja ko shuɗi, magani ne aka shafa masa, guba ce. Kada a bar shi inda yara ko kaji za su kai. Mu dai a ƙarshe kuɓewar da ta fi yi mana albarka, wata tsohuwa ce a unguwar nan ta ƙulle mana a tsumma, irin da take ajiyewa a cikin toka shekara da shekaru. Ya san ƙasar, ƙasar ta san shi. Akwai kuma ingantattun iri da cibiyoyin bincike ke fitarwa, kamar cibiyar Samaru ta Zariya da cibiyar kayan lambu ta Ibadan, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Malamin gona shi zai nuna muku inda ake samun na gaskiya.

Dashe kuwa, na tumatir da tattasai da attaruhu, kada ku bi wanda ya fi tsawo da sheƙi. Sau da yawa yuriya aka ɗura masa don ya ɗauki ido, kararsa siririya, da ya sha rana ɗaya sai ya langaɓe. Ku nemi gajere mai kauri, ku juya bayan ganyen ku duba ko akwai ƙwari, don da kuɗinka kana iya sayo annoba ka kawo gida. A yi dashe da yamma, a ba shi ruwa nan take. In da hali ma ka yi renon abinka a tsohon kwano ko buhu, tumatir mako uku zuwa huɗu ya isa dashe, barkono da tattasai su sai sun kai mako biyar ko shida.

Tun da mun ambaci tumatir, bari mu faɗa muku gaskiya, sabon shiga kada ya fara da shi a damina. Mu saboda shi muka shiga lambun, kuma shi ne ya fi wahalar da mu. Ba banza ba mutanen Kadawa da Kura da Ɗanja suke nomansa da sanyi. Zafin bazara na sa furensa ya zube, laimar damina kuma na kawo masa cuta. Namu ya yi kyau har ya fara fure, rannan da safe muka tarar da uku sun yi yaushi alhali ƙasa na da ruwa, jibi biyar, gata goma. Malamin gona ya yanki karar ɗaya ya tsoma a kofin gilashi mai ruwa, sai ga wani abu fari-fari yana zubowa kamar hayaƙi. Ya ce cuta ce da ke cikin ƙasa, ba ta da maganin feshi, sai dai a tuge a ƙona, kuma a yi shekaru ba a sa tumatir ko barkono ko gauta a wurin ba. A daidai lokacin, wato tsakiyar 2024, tumatir ya yi tsadar da har a rediyo ake maganarsa. Muna kallon namu yana mutuwa, muna kuma aika yaro ya sayo na kasuwa. Waɗanda suka tsira kuwa sharon ta same su, 'yar ƙaramar tsutsar nan da ke shiga tsakanin ganye tana cin cikinsa har ya koma kamar takarda, ta kuma huda ɗan. Ita ce ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Ku dubi ikon Allah, tsutsa ta ƙetaro teku ta iso bayan gidanmu a Dukku, mu da ko Legas sau biyu muka taɓa zuwa.

Abin da ba ya ba sabon shiga kunya shi ne alayyafo da kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da kabewa, sai zogale a jikin danga. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ka fara yanka. Kuɓewa ka jiƙa irin ya kwana a ruwa, cikin wata biyu kana tsinka, kuma in ta fara sai ka riƙa bi duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace.

Maganar taki gajeruwa ce. Kashin kaji ɗanye wuta ne, mun ƙona kunya biyu da shi. A tara shi da na awaki da shara mai ruɓewa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa, sai ya yi baƙi ya daina wari. Takin zamani, kamfa ko yuriya, murfin kwalba ɗaya ya ishi gindi, a tona gefe a binne, kada ya taɓa kara. Masu zubar da shara a bayan gida kuma a tsince leda da tsohon batir kafin a yi kunya.

To, jama'a, yanzu mun zo ga abin da ya sa muka yarda muka tsaya gabanku. Duk waɗancan asarar kuɗi ce. Wannan kuwa saura kaɗan ta zama asarar rai.

Da damina ta zauna, alayyafo ya yi kore shar, sai ƙwari suka yi masa rubdugu. Fara na ci, tsutsa na ci, darɓa ta manne a bayan ganyen kuɓewa har ya nannaɗe. Ran kasuwa muka tarar da wani mai talla da gorunan ruwa cike da wani abu ruwan ƙasa-ƙasa, ba takarda ba suna. Ya ce wannan ba ƙwaron da ke tsallake shi, murfi ɗaya a bokiti. Muka ce a ranmu in murfi ɗaya na aiki ai biyu sun fi. Muka fesa da rana tsaka, ba takalmi ba abin rufe hanci, muka wanke hannu muka koma rumfa. Ba mu gaya wa kowa a gida ba, don a ganinmu harkar maza ce. Kashegari amarya ta ga ganye ya yi kyau ba ƙwaro ko ɗaya, ta yanka ta yi miya. Cikin dare yara biyu suka kama amai da ciwon ciki, ƙaramar yawu na ta dalala, idonta ya canza. Wata maƙwabciya ta ce a ɗura mata manja, wata ta ce madara. Allah Ya taimake mu ƙaninmu ya ce a'a, a tafi asibiti, kuma a ɗauki gorar. A kan babur muka kai su cikin duhu, kun kuwa san yadda fita da dare take a wannan zamani. Ma'aikacin da ya karɓe mu ya juya gorar nan ya ce, "Baba, mene ne a ciki?" Muka ce ba mu sani ba. Wallahi tun da muke ba mu taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan dare ba. Mutum da furfurarsa, ya ba 'ya'yansa abin da bai san sunansa ba. An yi musu allura da ƙarin ruwa, kwana biyu aka sallame mu. Alhamdu lillahi, ga ta can yanzu tana zuwa Islamiyya. Amma a gidanmu an yi wata guda ba wanda ya kalli lambun nan.

Saboda haka muna roƙonku don Allah, duk maganin da ba ya cikin kwalbarsa ta asali da takardarsa, kada ku saya ko kyauta ne. A gindin takardar akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Akwai kuma adadin kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ci, in ba ka iya karantawa ka ba ɗan makaranta. Ranar da ka yi feshi ka faɗa wa matan gida da bakinka, ka kuma ɗaura jan ƙyalle a bakin lambun. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki. In tsautsayi ya faru, ban da manja, ban da madara, ban da sa yatsa a maƙogwaro, a nufi asibiti da kwalbar a hannu. Mu 'yan hatsi ma ba mu da bakin yi wa kowa faɗa a nan. Saboda maganin da ake zuba wa wake a rumbu ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Ga buhun nan mai ciki uku da ke kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba, amma har yau wasunmu na ganin tsadarsa. Wannan magana ce ta wani taron, shugaba ya sa mana rana.

A daminar 2025 ba mu sa wa ganyen miya maganin kanti ko sau ɗaya ba. Dogon yaro muka koma wa, ga shi nan ko'ina a gari muna shan inuwarsa. A tsinci 'ya'yan da suka faɗo, a wanke, a shanya a inuwa, a daka. Kamar rabin kilo a lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da tsumma, a ɗan narka sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen. Ba ya kashe ƙwaro nan take yadda za ka ga gawa, hana shi ci yake yi, don haka sai an maimaita duk mako, da kuma bayan ruwa mai ƙarfi. Ganyen da aka fesa a wanke shi sosai, in ba haka ba miya ta yi ɗaci ka sha magana. Toka ma na taimakawa in an barbaɗa da sassafe da raɓa. 'Yan masarar da muka sa a gefe, tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta shiga cikin kwarkwaronsu, sai muka riƙa zuba yashi da toka a ciki, muna kuma tsince ta da hannu. A ƙaramin fili irin namu, yara biyu da gwangwani bayan sallar asuba sun fi injin feshi. Malamanmu sun karantar da mu cewa akwai lada a abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar mutum. Mun yi imani da haka, shi ya sa ba ma tayar da hankali a kan ganye biyu ko uku da fara ta huda.

Amma ladan akuya, gaskiya mun same shi fiye da yadda muka nema. Babban ƙwaron lambun cikin gari ƙafa huɗu gare shi. Akuya ɗaya ta shiga da hantsi, kafin azahar aikin wata guda ya tafi. Kaza kuma ta tone iri, ƙadangare ya bi tsiro yana tsinkewa, gara ta ci dangar kara daga ƙasa har iska ta kayar da ita. Mun yi sa-in-sa da wani ɗan'uwa a kan akuyarsa, yana cikin zauren nan, mun kuma shirya, har ya ba mu takin akuyar a matsayin diyya. Ka yi shinge kafin ka sayi iri. In ka dasa zogale ko bini-da-zugu a jere ka haɗa da ƙaya, shekara mai zuwa shingen da kansa zai tsaya.

In marka ta zo a Agusta kuma, matsalar ta juya, ruwa ya yi yawa. Ku ɗaga kunya, ku yi wa ruwa hanya. Amma ku duba inda kuka nufa da shi. Katangun unguwar nan yawancinsu na ƙasa ne, in ka juya ruwan lambunka gindin katangar maƙwabci, ranar da ta faɗi da kai za a yi shari'a. Kuma kada wanda ya toshe magudanar ruwa don ya ƙara kunya biyu. Abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda ambaliya ta ci rayuka fiye da 150 cikin dare ɗaya, ya ishe mu tsoron ruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mun ce za mu dawo ga dattijon nan. A tafiyarmu ta Kontagora mun sayo dashen mangwaro uku da gwaiba biyu a bakin hanya, aka ce mana masu aure ne, shekara uku su fara 'ya'ya. Daga baya muka gane ɗaya ne kawai mai aure. Mai aure za ka ga tabon haɗin a jikin kara, kamar taƙi guda daga ƙasa, kuma duk reshen da ya fito ƙasa da tabon sai a cire shi. To ba ma wannan ba. Mun haƙa rami biyar a jere, uku a ɓangarenmu, biyu a ɓangaren aro. Da yamma sai ga babban ɗan dattijon ya yi sallama, fuska ba walwala. Ya ce baba na gaisuwa, ya ce a tambaye mu, filin aro ya ba mu ko sayarwa ya yi? Mu wallahi ko a ranmu. Inuwa muke nema da abin da yara za su tsinka. Amma da muka kwana muna tunani sai muka ga gaskiyarsu. Kuɓewa wata huɗu ce ta tafi. Mangwaro kuwa zai fi mu daɗewa, ya fi dattijon daɗewa, wata rana jikanmu ya tashi ya ce ai kakana ne ya dasa, saboda haka filin namu ne. Rigingimun fili da yawa da kuke ji a ƙasar nan daga gindin itace suka fara. Da safe muka ɗauki goro, muka nemi rakiyar ɗaya daga cikin dattawanmu, muka je muka ba da haƙuri, muka ce za mu tuge. Ya yi shiru, sa'annan ya ce gwaibar a bar ta, amma tasa ce, yaranmu su ci yaransa su ci. Muka ce mun ji mun gode, kuma a gaban shaidu aka yi.

'Yan'uwa, iyayenmu sun zo garin nan daga ƙasar Katsina da Zamfara da Kabi da sauran wurare, da jaki da ƙunshin kaya. Mutanen da suka tarar suka ba su wurin zama. Yau an haife mu a nan, mun haifa a nan, muna da gidaje da takardunsu. Amma filin da aka ce maka aro, aro ne ko ya shekara 40 a hannunka. Yanzu da mutane da yawa za su shiga noman bayan gida, muna jin tsoron kada abin da ya same mu ya sami wani da wanda bai kai dattijon nan haƙuri ba. Duk mai son dasa itace a filin da ba nasa ba ya fara tambaya, kuma a yi da shaidu daga ɓangarorin biyu.

Wani zai ce to bayan duk wannan wahala me aka samu? A 2024 in aka yi lissafi irin na kasuwa, faɗuwa muka yi, har da kuɗin asibiti. A 2025 kuwa, daga Yuni har Oktoba ba a sayi ganyen miya a gidanmu ba, kuɓewar da aka yanka aka shanya ta kai mu har cikin azumi, an kuma aika wa gidaje huɗu. Tumatir dai har yanzu saye muke yi, sai in sanyi ya shigo mu sa kaɗan a buhuna kusa da rijiya.

Muna da roƙo uku ga kwamiti. A haɗa kuɗi a aiki mutum ɗaya wanda ya san iri ya sayo wa kowa a wuri mai amana, maimakon kowa ya je a cuce shi shi kaɗai. A gayyato malamin gona na ƙaramar hukuma ya zo ya yi wa mata bayani a kan magani, don su ne ke yankan ganye su ne ke dafawa. Sa'annan Sarkin Hausawa ya zauna da masu unguwanni a sa ranar da za a fara ɗaure awaki, a yi shela a masallaci da coci da kasuwa, don akuya ba ta san ƙabila ba.

Ga gwangwanin madara nan biyu a gaban sakatare, ɗaya irin kuɓewar tsohuwar nan ne da muka ajiye, ɗaya na alayyafo. Mun gwada su a tsumma makon jiya, 9 cikin 10 sun tsiro. Kowa ya ɗebi cokali ɗaya in an tashi, amma don Allah kada wanda ya shuka gobe, ruwan shekaranjiya bai kai yatsa uku ba, mun tona mun gani. Mai tambaya ya yi, in ta fi ƙarfinmu ga manoma nan a sahun gaba.